Juyen baƙin mai a gida: Abin da ya kamata masu motocin tsere a Abuja su sani kafin su ɗauki sifana

Titunan Abuja na daga cikin mafi faɗi da santsi a Najeriya. Saboda haka ba baƙon abu ba ne a ƙarshen mako a ji rurin Ford Mustang ko BMW M3 ko Mercedes C63 a kan titin zuwa filin jirgin sama ko babbar hanyar Kubwa. Sai dai wanda ya leƙa garejin kanikawa na Apo zai tarar da 'yan uwan waɗannan motoci a fake, ƙura ta rufe gilasansu, ana jiran masu su su haɗa kuɗin wani injin.

A lokuta da dama ba gudu ne ya kai su can ba, ba kuma hatsari ba. Baƙin mai ne sanadi: ko an zuba wanda bai dace da injin ba, ko an zuba jabu, ko kuma an bar mai kyau ya wuce wa'adinsa. Wannan ne ya sa wasu masu motoci a babban birnin suka koma yin juye da hannunsu a harabar gida. Kuɗin aikin bakanike shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin juye, don haka ba shi ake gudu ba. Ribar ita ce mutum ya san abin da ya shiga injinsa, ya kuma ga abin da ya fito daga cikinsa.

Yadda ɗawainiyar mota ta koma wuyan ma'aikaci

Akwai zamanin da babban ma'aikacin gwamnatin tarayya bai san ranar juyen motar da yake hawa ba. Motar ta ofis ce, galibi Peugeot ƙirar Kaduna, direba ma na ofis ne, gyara kuma na sashen sufuri. Tsarin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da shi a 2003, wanda ya mayar da alfarmomin ma'aikata zuwa tsabar kuɗi, shi ya kawo ƙarshen wannan gata ga mafi yawan ma'aikata. Daga nan mota ta zama ta mai ita, da daɗinta da ɗacinta.

Shekaru ashirin bayan haka lissafin ya ƙara tsauri. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin kwanaki, ta kai naira 617 a watan Yuli, ta haura naira dubu a Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ga kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a 2024.

Baƙin mai bai tsira daga wannan guguwa ba, domin tushen man da ake haɗa shi da sinadaran da ake zuba masa duk daga waje ake shigo da su. Matatar Kaduna, wadda aka gina da sashen samar da tushen baƙin mai, ta daɗe ba ta aiki. Da farashi ya tashi, sai masu motoci suka shiga jinkirta juye, masu haɗa jabu kuma kasuwarsu ta buɗe.

Hadiman manyan jami'ai da na 'yan majalisa suna da nasu kason a wannan batu. Sau da yawa su ake miƙa wa makullan motocin maigida, su ke tura direba gareji, su ke karɓar rasit. Idan injin motar da aka sayo da miliyoyi ya buga, hadimi ne na farko da za a kira ya yi bayani.

Abuja ba Turai ba ce

Littafin da ke zuwa da kowace mota kan ba da wa'adin juye iri biyu: na tuƙi a yanayi mai sauƙi, da na yanayi mai tsanani. Abin da kamfanonin ke nufi da mai tsanani shi ne ƙura, da zafi, da gajerun tafiye-tafiye, da daɗewar inji a kunne mota tana tsaye. Mazaunin Abuja ya san duka huɗun.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan cika iska da ƙura mai laushi, wadda wani ɓangarenta ke kuɓuce wa matatar iska ya ƙare a cikin mai. Daga nan sai bazara, lokacin da zafi kan doshi digiri 40 a watan Maris. Ma'aikacin da ke shigowa daga Mararaba ko Nyanya kan shafe lokaci mai tsawo a cunkoso, inji na aiki, na'urar sanyaya mota a kunne, alhali ma'aunin nisan tafiya bai ƙirga komai ba. Wanda ke zaune a Maitama ko Asokoro kuwa matsalarsa akasin haka ce: kafin injin ya yi zafin da zai ƙone danshi da ɗigon fetur da ke taruwa a cikin mai, ya riga ya isa Sakatariyar Tarayya.

Akwai kuma batun ingancin fetur. Sinadarin salfa da ke cikinsa kan rikiɗe ya zama asid a cikin baƙin mai, ya rage masa kwana. A Disambar 2016 ƙasashe biyar na Yammacin Afirka, ciki har da Najeriya, suka amince su daina karɓar mai mai yawan salfa daga Turai, amma aiwatar da hakan ya ɗauki shekaru.

Kamfanin Toyota, alal misali, ya yarda a kai mil 10,000 da man sintetik a yawancin motocinsa na Amurka, amma ya rage wa'adin zuwa mil 5,000 ko wata shida idan yanayin mai tsanani ne. A nan akwai tarkon da ke kama masu motocin da aka shigo da su daga Amurka: ma'auninsu da mil yake ƙirge. Mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi, don haka mil 5,000 ya kai kusan kilomita 8,000. Wanda aka ce masa ya dawo bayan kilomita 5,000, shi kuma yana jiran ma'auninsa ya ƙara 5,000, ya zarce wa'adi da kilomita dubu uku bai sani ba.

Motar tsere tana da wata matsala ta daban: yawancinsu a ajiye suke kwana biyar ko shida a mako. Mai ita kan ɗauka tunda ba ta tafiya, manta bai tsufa ba. Amma baƙin mai yana lalacewa da lokaci kamar yadda yake lalacewa da tafiya, shi ya sa ko mota ba ta fita ba, ba a barin mai ya wuce shekara a cikinta. A yanayin Abuja wata shida ya fi kwanciyar hankali.

Lambobin da ke jikin galan

Har yanzu akwai kanikawan da suka yi imani cewa zafin Najeriya sai mai kauri, wato 20W-50. Wannan fahimta ta samo asali ne daga zamanin Peugeot 504, kuma a lokacin daidai ce. Amma idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Injinan yau an matse sassansu sosai, hanyoyin da mai ke bi sirara ne, kuma da ƙarfin matsin man ne na'urar da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul take aiki. Mai kauri yakan makara wajen isa saman injin idan an tayar da mota da safe, kuma a waɗannan daƙiƙoƙi ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Lambar farko da ke tare da harafin W tana nuna saurin gudanar man a lokacin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. Babu lamba ɗaya da ta dace da dukkan motocin tsere. Toyota 86 da tagwayenta Subaru BRZ suna shan 0W-20, kimanin lita biyar da rabi. Nissan 350Z tana shan 5W-30, ƙasa kaɗan da lita biyar. Mustang mai injin lita biyar ƙirar 2011 zuwa 2017 tana buƙatar 5W-20 har lita bakwai da rabi, ƙirar 2018 kuma ta haura lita tara. BMW M3 ta shekarun 2001 zuwa 2013 kuwa 10W-60 aka rubuta mata, wanda ya fi na Peugeot kauri idan ya yi zafi. Ke nan kauri ba laifi ba ne, siranta ma ba laifi ba ce. Laifin shi ne zato a inda akwai rubutacciyar amsa, kuma amsar tana cikin littafin motar, sau da yawa ma a kan murfin da ake zuba man. Wanda motarsa ta zo babu littafi zai iya samunsa a intanet da shekarar ƙirar motar da lambar shasinta.

Bayan kauri sai daraja. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, tana ba man injin fetur matsayi da haruffa biyu: SN ya fito a 2010, SP a 2020. An tsara SP ne har da kare ƙananan injina masu turbo daga tashin wuta kafin lokaci a cikin silinda, matsalar da kan iya fasa fistin. Motocin Jamus suna da nasu tambarin amincewa da ake rubutawa a bayan galan: MB 229.5 na Mercedes, Longlife-01 na BMW, A40 na Porsche. Ga mai motar Jamus, ganin wannan lamba ya fi muhimmanci a kan sunan kamfanin da ya haɗa man.

Sai kuma lissafin yawa. Galan ɗin da ake haɗawa a Najeriya lita huɗu ne ko biyar. Wanda ake shigowa da shi daga Amurka, mai ɗauke da kwat biyar, lita 4.73 ne. Mai Corolla ya saba galan guda da ɗan ƙari ya ishe shi. Mai Mustang ko C63 sai ya tanadi biyu tun kafin ya kwance noti.

Jabu ya fi tsohon mai illa

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwannin ƙasar nan, yayin da hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ke ba da lasisin haɗa shi. Duk da haka jabu bai ɓace ba. Wani tsagwaron tushen mai ne da babu sinadarin kariya ko ɗaya a ciki, irin wanda ake jerawa cikin kwalabe a bakin titi. Wani kuma tsohon mai ne da aka tace, aka ɗura a galan na asali da aka tsinto, aka liƙe bakinsa.

A ido, sabon jabu da na gaske kusan kamarsu ɗaya. Bambancin yana bayyana ne bayan watanni, lokacin da aka buɗe saman injin aka tarar da datti ya daskare kamar kwalta, ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Kariyar da ta fi ita ce wurin saye: gidan mai na kamfanin da ya haɗa man, ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, tare da rasit. A duba hatimin murfi, da lambar rukunin haɗi, da tsabtar rubutun da ke jikin galan. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa shi kansa gargaɗi ne, domin araha ba ta ado.

Haka batun yake ga filta. Ta jabu takardar cikinta kan ruɓe ko ta yage, kuma sau da yawa ba ta da bawul ɗin da ke hana mai sulalewa ƙasa idan an kashe mota. Ƙarar ƙarfe na 'yan daƙiƙoƙi a tashin safe na iya zama alamar hakan. Zuba man da ya ci dubban nairori a bayan filtar banza tamkar zuba ruwa ne a kwando.

Kayan aiki da batun tsira da rai

Aikin bai buƙatar kaya masu yawa: sifana daidai da girman notin juye, abin kwance filta da ya dace da irin tata, sifana mai ma'aunin ɗauri, kwano mai faɗi da zai ɗauki fiye da man da ke cikin injin, mazurari, safar hannu, tsummoki, kwali na shimfiɗawa a ƙasa, da sabuwar washa ta notin.

Babban ƙalubalen motar tsere shi ne kusancinta da ƙasa. Jak na yau da kullum ba ya shiga ƙarƙashinta, shi ya sa ake fara hawa da tayoyin gaba kan faffaɗan katako don ta ɗan ɗaga. Akwai wurare na musamman da kamfani ya ware don sa jak, kuma littafin mota ya nuna su. Sa shi a wani wuri kan lanƙwasa gefen motar ko ya fasa kaskon injin.

Ka'idar da ba ta da sassauci ita ce: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak ɗagawa yake yi, riƙewa aikin matokaran ƙarfe ne da aka ƙera don haka. Bulo na siminti ba madadinsu ba ne, domin yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba. Wurin aikin ya zama shimfiɗaɗɗen daɓe mai ƙarfi, ba gangare ko ƙasa mai laushi ba. A ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi, a girgiza motar a tabbatar ta zauna daram. Yana da kyau kuma a samu wani a kusa, ko da ba zai taɓa komai ba.

Yadda ake aikin

Ana farawa da kunna injin na kimanin minti biyar zuwa goma don man ya yi ɗumi, ya saki jiki, ya kwaso dattin da ya kwanta. Motar da ta dawo daga doguwar tafiya kuwa sai an bar ta ta huce, domin man da ya haura digiri 100 yana saɓule fata. Bayan an ɗaga motar an tokare ta, sai a buɗe murfin zuba mai na sama. Wannan yana saukaka zubar man, yana kuma tabbatar da cewa murfin zai buɗu kafin a wofintar da injin.

Yawancin waɗannan motoci suna da faifan roba ko na alminiyam da ya rufe ƙasan injin, wanda sai an cire shi ko an buɗe ƙaramar ƙofar da ke jikinsa. A nan ake buƙatar natsuwa wajen gane notin da ya dace, domin notin man giya yana kusa a wasu motoci. Wanda ya kwance shi bisa kuskure zai zubar da man giya, ya kuma ninka na injin. A sassauta notin da sifana, a ƙarasa da hannu ana danna shi ciki, sannan a janye da sauri. Man kan yi tsalle zuwa gefe da farko, don haka kwanon ya ɗan gota gaba. A ba shi kamar minti goma sha biyar har ya koma ɗigo.

Filta iri biyu ce. Ta gwangwani ana kwance ta gaba ɗaya, kuma wajibi ne a duba ko tsohon zoben robarta ya fito tare da ita. Idan ya manne a jikin injin aka ɗora sabuwa a kansa, man zai tsiyaye cikin mintuna kaɗan da fara tafiya. A shafa sabon mai a zoben sabuwar, a murɗa ta da hannu har ta taɓa, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba ta buƙatar sifana. Iri na biyu, wadda ta fi yawa a motocin Jamus, takarda ce da ke cikin gida mai murfi, galibi a saman injin. Ana sauya takardar da zobban robar da suka zo a kwalinta, a ɗaure murfin daidai da lambar da aka rubuta a kansa, wadda sau da yawa 25 Nm ce.

Notin juye yana komawa ne da sabuwar washa, a fara murɗa shi da hannu don kada ya karkace. Ma'aunin ɗaurinsa a yawancin motoci tsakanin 25 ne zuwa 40 Nm. Kaskon motocin tsere galibi na alminiyam ne, kuma ƙarfin tuwo yana cinye haƙoran da notin ke kamawa, gyaran da kuɗinsa ya ninka na juye sau da yawa.

Daga nan sai zuba sabon mai, a rage kamar rabin lita daga adadin da littafi ya faɗa. A kunna injin ba tare da taka totur ba. Jar fitilar mai ya kamata ta mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan, idan ta ƙi sai a kashe nan take. A leƙa ƙasa a duba yoyo a noti da filta, a sauke motar, a jira mintuna biyar, sannan a auna a cike gibin. Cikawa fiye da ƙima ba alheri ba ne, domin man kan yi kumfa ya rasa ƙarfinsa.

Wasu motocin suna da nasu sharuɗɗa. BMW da dama da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 ba su da sandar awon mai, a allon gaban direba ake karantawa bayan injin ya yi zafi. Tsofaffin Porsche 911 masu sanyaya inji da iska da Corvette Z06 suna ajiye mansu a tanki na daban, suna da wurin juye fiye da ɗaya, kuma yadda ake auna mansu ya bambanta da na sauran motoci. Matakin ƙarshe shi ne goge tunatarwar juye a kwamfutar motar, da rubuta kwanan wata, nisan tafiya da irin man a littafi, a liƙa rasit. Ga hadimi, wannan littafi shi ne shaidarsa. Ga mai sayar da mota wata rana, ƙarin daraja ne.

Abin da tsohon mai ke faɗa

Wanda ya miƙa mota ya tafi ofis ba ya ganin abin da ya zuba a kwano, alhali nan ne injin ke ba da labarin lafiyarsa. Baƙi kaɗai ba matsala ba ne, alama ce cewa man ya yi aikinsa na wanke datti. Amma idan ya fito da launin shayi mai madara, ruwan lagireto ne ke shiga cikinsa, galibi saboda gaskit ɗin kan injin ya ƙone. Ƙyalƙyalin ƙarfe idan an haska shi a rana yana nuna wani sashe na cinyewa a ciki. Ƙaurin fetur mai ƙarfi na nufin fetur na sulalowa cikin mai. Idan kuma abin da ya fito ya gaza abin da aka zuba da nisa, to injin yana shan mai ko yana yoyo. Kowace daga cikin waɗannan alamu dalili ce ta zuwa wurin ƙwararre tun abin bai yi nisa ba, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina za a kai tsohon man?

Juye bai kammala ba sai an san makomar abin da ke cikin kwano. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na iya gurɓata ruwan sha galan miliyan guda. Magudanan Abuja ba a banza suke ƙarewa ba, cikin rafuka suke zuba, wasu su kai Tafkin Jabi, wasu su bi ta Kogin Usuma. A unguwanni irin su Lugbe, Lokogoma da Karu, inda gidaje da yawa suka dogara da rijiyar burtsatse, man da aka zubar a bayan katanga yana iya komawa cikin tankin ruwan maƙwabci. Zubar da shi haka laifi ne da ke ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007.

Tsohon mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba, kuma littattafan motoci suna gargaɗin cewa yawan taɓa shi na iya jawo cutar dajin fata. Al'adar shafa shi a ciwon dabbobi ko zuba shi a masai ta cancanci a bar ta. Abin da ya dace shi ne a ɗura shi a jarka mai murfi, kada a gauraya shi da fetur ko man birki, a kai shi wurin juye na babban gidan mai da ke tara irinsa. Filtar ma a kife ta ta tsane kafin a jefar. Galan ɗin da ya ƙare kuma a huda shi ko a yanka, domin galan na asali mai kyan gani shi ne jarin mai haɗa jabu.

Ba kowa ne zai yi da kansa ba

Wanda motarsa sabuwa ce mai garantin dillali ya fara karanta sharuɗɗan, kada juyen gida ya ɓata masa haƙƙinsa. Mazaunin gidan haya ko rukunin gidaje ya san dokar wurin, domin mai da ya zuba a kan daɓen intalok ba ya fita da sauƙi. Wanda ba shi da matokarai ko shimfiɗaɗɗen wuri kuwa, ramin gareji ya fi masa aminci.

Irin waɗannan ma ba su rasa hanya ba. Mutum na iya sayen mansa da filtarsa daga wurin da ya amince da shi, ya kai wa bakanikensa, ya tsaya a buɗe hatimin a gabansa, ya leƙa kwanon, ya karɓi galan ɗinsa ya tafi da shi. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin hakan, aikinsa ma yake saukakawa. Rabin sa'a ce a ranar Asabar, sau biyu ko uku a shekara. A zamanin da ake sayen injin Mustang ko na BMW da dala, ma'aikacin da ke karɓar albashi da naira ba shi da wata inshorar da ta fi wannan rabin sa'a araha.